Hasken maƙesu a jikin ɓera: yadda ake gano haɗuwar furotin biyu a dabba mai rai

Duk mai binciken da ya haɗa magani da nufin ya shiga cikin ƙwayar halitta ya raba furotin biyu da suka riƙe juna, akwai tambayar da take jiransa wadda kwalbar gwaji ba ta iya amsa masa. A cikin kwalba maganin yana iya yin aikinsa tsaf, domin babu hanta da za ta narkar da shi, babu ƙoda da za ta tace shi ta fitar, babu kuma bangon jijiyar jini da zai tare masa hanya. Amma idan aka yi wa dabba allurarsa, shin ya isa inda aka aike shi? Idan ya isa, ya raba furotin ɗin nan biyu kuwa? Bayan minti nawa, kuma har tsawon wane lokaci kafin su koma su sake haɗuwa? Shekara da shekaru, hanyar samun amsa ita ce a kashe dabbar, a ciro naman, a niƙa shi, a auna abin da aka samu a ciki, kuma abin da wannan hanya take bayarwa bai wuce labarin daƙiƙa guda ba, na jikin da ya riga ya daina aiki. Daga farkon shekarun 2000 aka fara amfani da wata hanya dabam, wadda ta aro hasken da wasu halittu suke samarwa da kansu, ta mai da shi alamar da ake gani daga waje alhali dabbar tana numfashi.

Abin da ya sa aka damu da wannan haɗuwa shi ne, da wuya a sami aikin da furotin yake yi shi kaɗai. A jikin ɗan Adam akwai ƙwayoyin gado kimanin 20,000 masu ɗauke da umarnin ƙera furotin, amma rayuwar ƙwayar halitta tana tafiya ne a kan wa ya riƙe wa, a wane lokaci, da kuma yaushe ya sake shi. Saƙon da ya taso daga wajen ƙwaya yana isa cibiyarta ne hannu da hannu: wannan furotin ya taɓa wancan, wancan ya sauya siffa ya kama na gaba. Furotin p53, wanda yake hana ƙwayar da ta lalace ci gaba da hayayyafa, yana da abokin zama mai suna MDM2 wanda yake kama shi ya sa masa alamar a rushe shi, kuma a wasu nau'o'in ciwon daji MDM2 ɗin ne yake yin yawa har ya hana p53 sakat. Maganin venetoclax, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2016 domin wani nau'in ciwon daji na jini, aikinsa shi ne ya shiga gurbin da furotin BCL-2 yake riƙe abokan hulɗarsa, ya hana shi riƙe su. Wata taswira da aka wallafa a 2020 ta lissafa haɗuwa kimanin 53,000 tsakanin furotin na ɗan Adam, amma an gano su ne ta hanyar gwaji a cikin ƙwayoyin yis. Taswirar tana faɗin waɗanda suke iya haɗuwa, ba ta faɗin waɗanda suke haɗuwa a cikin huhu ko hanta da misalin ƙarfe kaza bayan an sha magani.

Hasken da ake magana a kai shi ne irin na maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya da dare, da na halittun teku da dama. Wani masanin Faransa mai suna Raphaël Dubois ne ya fara warware sirrinsa a shekarun 1880, da wani gwaji mai sauƙi wanda har yau yana da ban sha'awa. Ya niƙa sashen da yake haske na wani ƙwaro a cikin ruwan sanyi, ruwan ya yi ta haske har ya mutu. Ya kuma jiƙa wani a ruwan zafi, wannan bai yi haske ba ko kaɗan. Da ya haɗa ruwan biyu, waɗanda kowannensu ya riga ya yi duhu, sai haske ya dawo. Daga nan ya fahimci abubuwa biyu ne suke aikin: ɗaya makamashi ne da yake ƙarewa amma zafi ba ya lalata shi, ɗayan kuma ma'aikaci ne da ba ya ƙarewa amma zafi yana kashe shi. Na farkon shi ake kira lusiferin, na biyun kuma lusifares, wanda enzayim ne, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai. A 1947 William McElroy ya nuna cewa lusifares na maƙesu yana buƙatar ATP, sinadarin da ƙwayar halitta take adana ƙarfi a cikinsa, baya ga iskar oksijin. A 1985 ɗakin binciken Marlene DeLuca da ke San Diego ya ware ƙwayar gadon wannan enzayim, kuma daga wannan lokaci ya zama abin da ake iya dasawa a cikin kowace irin ƙwayar halitta, ta tsiro ko ta dabba, ta ƙera shi da kanta.

Mai karatu yana iya tambayar dalilin da ya sa ba a tsaya ga furotin mai ƙyalli ba, irin GFP ɗin da Osamu Shimomura ya gano a jikin wata halittar teku a 1962, wanda ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2008 tare da Martin Chalfie da Roger Tsien. Amsar ita ce GFP ba ya samar da haske, sai an haska shi daga waje sannan ya mayar da wani launi. A kan farantin da ake rainon ƙwayoyin halitta, a ƙarƙashin madubin ƙara girma, wannan ba matsala ba ce. A jikin dabba kuwa, hasken da aka tura dole ya ratsa fata da nama kafin ya isa, kuma a kan hanya fatar da gashin, har ma da abincin da ke cikin hanji, duk suna yin nasu ƙyallin, sai alamar da ake nema ta nutse a cikinsu. Lusifares ba ya buƙatar fitila. Jikin ɓera ba ya fitar da wani hasken kansa da za a yi lissafi da shi, saboda haka duk ɗigon hasken da kyamara ta kama a cikin akwati mai duhu, daga inda aka dasa enzayim ɗin ya fito. Hasken yana da rauni ƙwarai, ido ba ya ganinsa, amma duhun da ke kewaye da shi ne yake fito da shi, kamar yadda tauraro yake bayyana idan rana ta faɗi. Christopher Contag da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun nuna amfanin haka a 1995, lokacin da suka bi sawun ƙwayoyin cutar salmonela masu haske a cikin ɓeraye masu rai.

Sanin inda ƙwaya take abu ne guda, sanin cewa furotin biyu sun haɗu a cikinta kuwa wani abu ne dabam, kuma a nan dabara ta shigo. Yunƙurin farko a dabba, wanda ɗakin binciken Sanjiv Sam Gambhir ya wallafa a 2002 lokacin yana Los Angeles, ya aro tsarin da Stanley Fields da Ok-kyu Song suka ƙirƙiro a cikin yis a 1989: idan furotin biyu suka haɗu, sai su kunna ƙwayar gadon lusifares, ƙwayar halitta ta shiga ƙera shi. An gwada da furotin MyoD da Id, kuma ɓerayen sun yi haske. Sai dai labarin yana zuwa a makare, domin ƙera sabon enzayim yana ɗaukar sa'o'i, kuma dole haɗuwar ta faru a cibiyar ƙwaya, alhali haɗuwa da dama a bakin ƙwayar suke faruwa.

Hanyar da ta fi karɓuwa ita ce ta raba enzayim ɗin gida biyu. Lusifares na maƙesu sarƙa ce ta amino asid 550, wato ƙananan tubalan da ake gina furotin da su, wadda ta naɗe ta yi siffa ta musamman. Idan aka yanke sarƙar a wurin da ya dace, kowane ɓari shi kaɗai ba ya iya komai, kuma ko sun gamu a cikin ƙwaya ba sa daɗewa tare. Sai a ɗaura ɓari ɗaya a jikin furotin na farko, ɗayan a jikin na biyu, ta hanyar haɗa ƙwayoyin gadonsu. Muddin furotin ɗin biyu suna nesa da juna, duhu ne. Da zarar sun riƙe juna, sai su jawo ɓangarorin kusa su tsayar da su wuri guda har su naɗe su koma cikakken enzayim, haske ya tashi. Idan furotin ɗin suka rabu, ɓangarorin ma su rabu, hasken ya dusashe. Wannan komawa baya tana da muhimmanci ƙwarai, domin GFP ɗin da aka raba, idan ya haɗe ya haɗe ke nan, saboda haka yana iya shaida cewa an taɓa haɗuwa amma ba ya iya shaida rabuwa, kuma rabuwar ita ce abin da mai haɗa magani yake son gani. Ramasamy Paulmurugan da Yoshio Umezawa da Gambhir sun nuna wannan a ɓeraye a 2002. A 2004 Kathryn Luker da David Piwnica-Worms da abokan aikinsu a St. Louis suka gwada yankan sarƙar a wurare masu yawa har suka dace da wanda ya fi kyau, ɓari ɗaya daga amino asid na 2 zuwa na 416, ɗayan daga na 398 zuwa na 550, wato da ɗan sashen da suka yi tarayya a kai.

Ma'aunin da suka gwada tsarin da shi ya zama abin da kusan kowa yake farawa da shi. Akwai furotin biyu, FKBP12 da FRB, waɗanda ba ruwansu da juna sai idan maganin rafamaisin yana nan. Wannan magani, wanda aka samo daga wata bakteriya a ƙasar tsibirin Rapa Nui, yana shiga tsakaninsu ya kama kowanne ya haɗa su. Saboda haka mai bincike yana da makunni a hannunsa: ya san lokacin da haɗuwar za ta fara, domin shi ne ya yi allurar.

Yana da kyau a ga yadda aikin yake a zahiri. An riga an dasa ƙwayoyin halitta masu ɗauke da ɓangarorin biyu a ƙarƙashin fatar ɓera, an aske gashin wurin idan ɓeran mai gashi ne, domin baƙin gashi yana shanye haske. Sai a sa shi barci da iskar magani, a yi masa allurar lusiferin a ciki, galibi miligiram 150 ga kowane kilo na nauyin jiki, wanda ga ɓera mai giram 20 ya kama miligiram 3. A kwantar da shi a kan faranti mai ɗumi a cikin akwatin da haske ba ya shiga ko ta ina, hancinsa a cikin bututun iskar barci, a rufe ƙofa. A saman akwatin akwai kyamara da aka sanyaya har zuwa digiri 90 ƙasa da sifili, domin zafin na'urar kansa yana haifar da ɗigon ƙarya da zai rufe na gaskiya. Ana jiran minti goma zuwa sha biyar kafin lusiferin ya gama zagaya jiki, sannan a buɗe idon kyamarar na daƙiƙoƙi ko mintoci kaɗan tana tara haske. Abin da yake fitowa a allon kwamfuta shi ne hoton ɓeran baƙi da fari, da wani tabo mai launuka a bisa gadon bayansa, shuɗi a gefe, ja a tsakiya. Launukan nan kwamfuta ce ta shafa su domin nuna yawan hasken, ba launin hasken ba ne. Kafin a ba da rafamaisin tabon da ƙyar ake ganinsa. Bayan an ba da shi, a dawo da ɓeran nan dai cikin akwati, sai a tarar tabon ya ƙaru ninki da dama. Bayan 'yan mintoci ɓeran ya farka ya koma kejinsa, gobe kuma a sake auna shi.

Akwai hanya ta uku, wadda halitta ta riga mutane yin ta. A jikin wata halittar teku mai suna Renilla, lusifares yana ƙona wani makamashi da ake kira silantarazin, kuma idan aka ware shi a kwalba shuɗin haske yake bayarwa, mai zangon nanomita 480 (zango shi ne awon da yake bambance launukan haske). Amma halittar kanta koren haske take yi, domin akwai furotin mai ƙyalli manne da enzayim ɗin, wanda yake karɓar ƙarfin kai tsaye tun kafin ya zama haske, sannan ya fitar da shi a nasa launin. Masanin Jamus Theodor Förster ya bayyana ƙa'idar irin wannan miƙa ƙarfi a shekarun 1940: ba ya faruwa sai tazarar ta gaza nanomita 10, kuma idan aka ninka tazarar sau biyu, saurin miƙawar yana raguwa sau 64. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Madubin ƙara girma na yau da kullum ba ya iya bambance abubuwa biyu da suke kusa da juna ƙasa da nanomita 200, saboda haka furotin biyu suna iya bayyana a wuri guda a hotonsa alhali tsakaninsu akwai filin da zai ɗauki wasu furotin da yawa. Miƙa ƙarfi kuwa ba ya yiwuwa sai sun kusa gogar juna. A 1999 Yao Xu da David Piston da Carl Johnson a Jami'ar Vanderbilt suka mai da wannan ya zama kayan aiki, wanda aka fi sani da BRET: a ɗaura lusifares a furotin ɗaya, a ɗaura mai ƙyalli a ɗayan, idan sun haɗu launin hasken ya sauya. Sun fara gwada shi ne a kan KaiB, furotin da ke cikin agogon dare da rana na wata bakteriya.

Fifikon BRET shi ne ba yawan haske ake aunawa ba, rabon launi biyu ake aunawa. Idan ƙwayoyin suka ƙaru, ko lusiferin ya isa da yawa yau fiye da jiya, launukan biyu za su ƙaru tare, rabonsu bai canza ba. A faranti haka abin yake. A jikin dabba kuwa, a nan gizo yake saƙar, domin nama ba ya yi wa launuka adalci. Duk wanda ya taɓa rufe bakin tocila da tafin hannunsa a cikin duhu ya ga yadda farin haske yake fitowa ja ta tsakanin yatsu. Himoglobin da ke cikin jini ne yake shanye shuɗi da kore da rawaya, wato duk abin da zangonsa ya gaza nanomita 600, ya bar ja ya wuce. Lusifares na maƙesu ya yi dace ta wannan fuska, domin koren haskensa mai ratsin rawaya, na wajen nanomita 560, yana karkata zuwa ja a zafin jikin dabba har ya ɗan haura 600. Na Renilla kuwa shuɗi ne, kuma idan ya taso daga cikin huhu kaɗan ne ƙwarai yake kaiwa waje. Sakamakon haka, ƙwayoyi iri ɗaya masu haɗuwa iri ɗaya za su ba da rabon launi dabam idan ɗaya tana ƙarƙashin fata ɗaya kuma tana cikin ƙirji. Abhijit De da Gambhir sun nuna BRET a ƙarƙashin fatar ɓera a 2005, amma sai da aka shafe shekaru ana sauya amino asid na enzayim ɗin domin ya ƙara haske ya kuma matsa zuwa ja, ana kuma neman mai ƙyalli ja da zai dace da shi. A 2011 ɗakin binciken nan, wanda a lokacin ya koma Stanford, ya wallafa tsarin da haskensa ya kai wajen nanomita 635, aka ga haɗuwar FKBP12 da FRB a cikin ƙwayoyin da suka maƙale a huhun ɓera.

A 2012 kamfanin Promega ya fito da NanoLuc, wanda aka gyaro daga lusifares na wani jatan lande da ke zaune a can ƙarƙashin teku. Girmansa bai kai kashi ɗaya cikin uku na na maƙesu ba, haskensa a faranti ya fi shi sau ɗari da wani abu, kuma ba ya buƙatar ATP, saboda haka yana aiki har a wajen ƙwaya. Ƙanƙantarsa tana da daraja, domin ɗaura wa furotin wani abu mai nauyi yana iya hana shi zuwa inda ya saba zuwa ko kama abin da ya saba kamawa. A 2016 aka raba shi biyu ta wata hanya da, a ganina, ta fi duk sauran nuna fahimtar matsalar: babban ɓari guda, da ƙaramin ɓari mai amino asid 11 kacal, kuma da gangan aka zaɓi ƙaramin da shauƙinsa ga babban yake da rauni ƙwarai. Dalili shi ne, idan ɓangarorin biyu suna son juna da yawa, su ne za su jawo furotin ɗin su haɗa su, mai bincike ya ga haske ya ɗauka ya gano haɗuwa alhali shi ne ya ƙulla ta. Sai dai NanoLuc shuɗi ne, na wajen nanomita 460, kuma makamashinsa, furimazin, ba ya narkewa sosai a ruwa, don haka ba a iya zuba wa dabba isasshe. An bi ta hanyoyi biyu wajen gyara: ɗakin binciken Michael Lin a Stanford ya manna shi da furotin mai ƙyallin ruwan lemo domin haskensa ya ratsa nama, sannan a 2020 aka samar da sababbin makamashi masu narkewa. A Japan kuma, Satoshi Iwano da Atsushi Miyawaki na cibiyar RIKEN sun wallafa a 2018 wani gyararren lusifares na maƙesu mai haske a wajen nanomita 650, wanda da shi aka hango ƙwayar halitta guda ɗaya tak a huhun ɓera, aka kuma ga aikin ƙwaƙwalwar wani ƙaramin biri.

Misalin da ya fi nuna abin da ake nema da duk wannan wahala shi ne aikin Kathryn Luker da Gary Luker a Jami'ar Michigan, wanda aka wallafa a 2012. Furotin CXCL12 saƙo ne da wasu ƙwayoyi suke fitarwa, CXCR4 da CXCR7 kuma su ne masu karɓarsa a bakin wasu ƙwayoyin, kuma wannan kira da amsawa yana cikin abubuwan da suke taimaka wa ciwon daji yaɗuwa daga inda ya fara zuwa wasu gaɓoɓi. Sun yi amfani da rababben lusifares na wata ƙaramar halittar teku mai suna Gaussia, ɓari ɗaya a jikin saƙon, ɗayan a jikin mai karɓa, suka ga haɗuwar a cikin ƙarin ciwon dajin mama na ɓeraye masu rai, sannan suka auna yadda magani yake rage ta. Wannan ita ce amsar tambayar da aka fara da ita. Idan magani bai rage girman ƙari ba, akwai bayani biyu masu bambanci ƙwarai: ko dai bai isa wurin ya raba furotin ɗin ba, ko kuma ya raba su amma rabuwar ba ta dami ciwon ba. Na farko yana nufin a gyara maganin ko a ƙara yawansa, na biyu yana nufin a bar wannan hanya baki ɗaya. Awon girman ƙari ba ya bambance su, haske yana bambancewa.

Duk da haka, ina ganin babban kuskuren da ake iya yi shi ne a ɗauki tabon nan mai launi a matsayin gani da ido. Ba furotin ake gani ba, aikin enzayim ake gani, kuma aikin enzayim yana da dalilai da yawa na ƙaruwa ko raguwa waɗanda ba su shafi haɗuwar ba. Tsakiyar babban ƙari sau da yawa tana fama da ƙarancin oksijin, kuma babu lusifares ɗin da yake haske ba tare da oksijin ba. Ƙwayar da magani ya galabaitar tana rasa ATP, sai hasken maƙesu ya ragu ko da furotin ɗin suna nan riƙe da juna. Maganin da ya taƙaita jijiyoyin jini zai hana lusiferin isa. Silantarazin yana ƙonewa da kansa a cikin jini ya ba da ɗan hasken bogi, kuma wasu ƙwayoyin ciwon daji suna da famfon da yake tura shi waje. Akwai ma magungunan da suke kama lusifares ɗin kansa: sinadarin resberatirol yana danne na maƙesu, kuma a 2009 aka nuna cewa wani sinadari mai lamba PTC124 yana manne masa ya kare shi daga rushewa, har yawansa ya ƙaru a cikin ƙwaya. Saboda haka mai bincike na ƙwarai ba ya gamsuwa da raguwar haske sai ya gwada maganin a kan ɓerayen da ke ɗauke da cikakken enzayim wanda ba a raba ba, ya ga haskensu bai motsa ba, sannan ya gwada da furotin da aka lalata wurin kamunsa da gangan, ya ga bai yi haske ba tun farko. Rashin haske ma ba hujja ba ce ta rashin haɗuwa, domin furotin biyu suna iya riƙe juna ta yadda ɓangarorin da ke jikinsu suka ba wa juna baya. Shi ya sa ake gwada ɗaurawa ta kai da ta wutsiya na kowane furotin kafin a yanke hukunci.

Akwai kuma wata iyaka da ya kamata a faɗa a fili. A yawancin irin waɗannan gwaje-gwaje, furotin ɗin da ake kallo ba na ɓeran ba ne, na ƙwayoyin da aka gyara ne a faranti aka dasa masa, galibi a jikin ɓeran da aka raunana garkuwarsa domin kada ya kore su. Ƙwayoyin nan kuma sau da yawa suna ƙera furotin ɗin fiye da ƙima, kuma idan aka cika wuri ƙanƙane da abubuwa biyu, dole su riƙa cin karo ko da babu wata hulɗa a tsakaninsu. Abin da gwajin yake tabbatarwa da ƙarfi shi ne tafiyar magani a cikin jiki mai rai da isarsa ga abin da aka nufa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da bai kai ga tabbatarwa sosai ba tukuna shi ne yadda furotin na dabbar kanta, a yawansu na asali, suke hulɗa a cikin gaɓoɓinta. Fasahar gyara ƙwayoyin gado da ake kira CRISPR ta buɗe ƙofar dasa ƙaramar alama a ainihin gurbin ƙwayar gado, ta yadda ƙwaya za ta ƙera furotin ɗin gwargwadon yadda ta saba, amma farashin haka shi ne hasken yana raguwa, kuma a ƙiyasin da aka saba yi kowace santimita ɗaya ta nama tana rage abin da ya rage ninki goma. Wannan lissafi, tare da buƙatar dasa baƙuwar ƙwayar gado, shi ya sa hanyar ta tsaya ga ƙananan dabbobi, ba a yin ta a jikin mutum.

Ta fuskar dabbobin kansu, ribar a bayyane take. Gwajin da yake buƙatar awo a lokuta biyar, da ɓeraye takwas a kowane lokaci, zai ci ɓeraye arba'in ta tsohuwar hanya, alhali takwas sun isa idan kowannensu za a iya auna shi sau biyar. Sakamakon ma ya fi inganci, domin ana kwatanta kowane ɓera da kansa kafin magani da bayansa, maimakon a kwatanta shi da wani wanda jikinsa ya bambanta. Rage yawan dabbobin gwaji yana cikin ƙa'idoji uku da William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa a 1959, kuma a nan ya zo daidai da abin da ilimin kansa yake buƙata.

Wurin da ya fi wuyar shiga har yanzu shi ne ƙwaƙwalwa. Ƙoƙon kai yana tare haske, kuma jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa suna da shinge mai tsauri wanda yake hana yawancin sinadarai ƙetarawa, har da makamashin lusifares da dama. Wannan shingen dai shi ne yake hana magunguna masu yawa isa ga ƙarin da ke cikin ƙwaƙwalwa, saboda haka a nan ne aka fi buƙatar shaidar cewa magani ya shiga ya taɓa furotin ɗin da aka nufa. A 2023 aka wallafa wani sabon makamashi na NanoLuc da aka ƙera musamman domin ya ƙetare shingen, kuma da shi aka ɗauki hoton aikin ƙwaƙwalwar ɓeraye suna yawo a sake, ba tare da an sa su barci ba.